Rumfar da Baba Ya Kafa wa Sola

Assalamu alaikum, Yaya Bala.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya yara, yaya ƙarfin jikin Anti Ladi? Mu nan Zuru sai godiyar Allah.

Famfon sola da ka aiko wa Baba yana aiki a lambunsa na Manga. Rana na fitowa yake tura wa albasa ruwa da kansa. Baba ya huta da jan guga, bayansa ya yi sauƙi.

Makon jiya ya aiko mini wai inji ya mutu, albasa ta fara yaushi. Na je na tarar ya kafa wa faifan sola, wanda ke shan rana, rumfar zana, mai kyau kuwa.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Ke 'yar boko, ana yi maka aiki, ka bar ma'aikaci cikin wannan rana? Ko jaki ana kai shi inuwa."

Na ce masa ai ranar ce abincin faifan, da ƙyar ya yarda muka matsar da rumfar. Ruwa ya taso, albasa ta farfaɗo. Yanzu shi ke kishingiɗa a rumfar, yana yi wa faifan sannu da aiki.

Ka sa mu a addu'a. A gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Hajara