Motar da Ta Daina Tari

Zuwa ga yayana Arzika, a Argungu ko duk inda takardar nan ta same ka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da duk wanda ya ba ka masauki. Ƙanwarka Dije ce, daga Kore Mairuwa. A bakin kasuwa nake faɗa malam yana rubutawa, mutane sun yi mana zobe sun kasa kunne. Ban kore su ba. Rabin maganar tasu ce.

Yaya, ina fushi da kai. Damina biyar ba saƙo, ba ko goro ɗaya ga Inna. Wanda ya mutu ma ana ganinsa a mafarki.

Ka tuna motar Kumandan, Baturen mulkin Dogon Dutsi, kafin ka taɓa ta? In ta iso yashin arewacin gari sai ta kama tari kamar tsohon jaki. Tun daga nesa muke jin ta, mata su yi guɗa a bakin rijiya, samari su faɗa cikin gero don kada a kama su aikin dole. Gardi, 'yan sandan Kumandan, su iso ba su tarar da kowa sai tsofaffi, su kuwa a sa su turin mota da bulala. Haka aka sa Baba, maƙerin da ko sarki ba ya ɗaga wa murya, ya tura ta har ƙirjinsa ya buɗe. Bai ga kakar wannan shekarar ba.

Kai kana makanike a barikin Kumandan. Ranar da aka yi bakwai ɗin Baba ka ce mini ba wani tsoho da zai sake tura motar nan. Ka ciro wani ƙarfe mai baki huɗu, ka ce shi ne maƙogwaron inji, ta nan iska da mai suke bi su shiga. Ka sa na zura yatsa ciki. Kaushi kamar bayan kada, ga baƙin gashin hayaƙi ya toshe rabinsa.

Kwana tara ka yi a ƙarƙashin itacen gawon maƙera. Ka fara da magagarin Baba, ka koma yashi, daga nan rairayin da na tankaɗe maka da rariyata, ka naɗa tsumma a kan kara kana murzawa da man gyaɗa. Ka wanke shi da kananzir sau bakwai, don ka ce ƙwayar yashi ɗaya in ta saura za ta cinye injin. Kana yi kana maimaita abin da Baba yake faɗa in yana shafe bututun zuga-zugi da jiƙaƙƙen yatsa: "Iska ba ta son tuntuɓe. Share mata hanya, ta yi maka aiki." Da ka gama na sake zura yatsa, ciki sumul kamar sabon ƙoƙo. Wallahi na yi alfahari da kai.

Ba wanda ya yi tunanin tarin nan shi ne mai gadinmu. Ni ban yi ba, kai ba ka yi ba, dattawan da suka zo suna sa maka albarka ba su yi ba.

Ranar kasuwa da hantsi motar ta hau yashin nan ba tari ba nishi. Sai ganinta muka yi a gindin tsamiya. Gardi suka ɗaure duk namijin da hannunsu ya kai, aka tafi da su aikin hanya. Cikinsu har da Gado mijina, da igiyar akuyarmu a hannunsa. Wasu sun dawo. Shi rigarsa aka kawo mini.

Sai gari ya tashi a kanka. Waɗanda suka sa maka albarka su ne suka fara kiranka karen Nasara. Ba wanda ya je ƙofar bariki ya zagi mai bulala, kowa ya ga inda ƙasa ta fi taushi ya haƙa. Ni kuma na fi su duka. A gaban Inna da mutanen gari na ce maka: "Allah shi shanye hannun da yay yi aikin ga." Ka ajiye magagarin a bakin ƙofa, ka bi hanyar iyaka.

To ka ji abin da ya faru bayanka, kuma ku da ke tsaye ku ji. An hana aikin dole. Kumandan ya koma ƙasarsu, wani ɗan kasuwa na Tibiri ya sayi motar. Har yau ba ta tari. Motocin da suka zo bayanta suna kafewa a yashin nan, ita ta wuce su da buhunan gero da mutane a kai. Direbanta yana buga ƙirji yana cewa ba ta shan mai kamar sauran. Masu zaginka su ne ke rige-rigen hawa, har wani ya ce mini, ba kunya ba tsoron Allah, ai aikin ɗan garinmu ne. Na ce masa ɗan garin naku yana ina?

Watan jiya numfashin Inna ya sarƙe. Motar nan ce ta kai ta likita a Dogon Dutsi kafin azahar. A amalanke da ba ta kai ba. Ni na riƙe kanta a cinyata duk tsawon hanya, ina jin injin yana tafiya lami lafiya a ƙarƙashinmu, ina kuka, ban san ko don Gado ba ne ko don kai.

Shi ya sa nake fushi, Yaya. Ka bar ni da maganar nan a baki shekara biyar, ba ka tsaya na janye ta ba. Aikinka mai kyau ne. Mai hawa ne mugu. Na sani tun ranar, zafi ne ya rasa inda zai sauka.

Inna ta dawo gida amma ƙarfinta kaɗan ne. Duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Kada ka tsaya jiran kaka. Motar tana zuwa bakin iyaka kowace Laraba, na riga na gaya wa direba ya bar maka kujerar gaba.

Allah ya jiƙan Baba da Gado. Allah ya ba Inna kwanan da za ta gan ka. Hannun nan kuwa, Allah ya ƙara masa albarka, ga shi na faɗa a gaban duk wanda ya ji na farko.

Magagarin yana nan cikin tukunyata, ina shafa masa mai.

Ƙanwarka,
Dije