Mutum Goma Sha Biyu Suka Rage Mana a Sahu

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Tsugunar da Jama'a, Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni ne limamin Juma'a na Tungan Ɗanbaƙo, tsakanin Ibeto da Salka. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana Sakkwato, shi ya sa na rubuto a fili, kuma da ɓacin rai.

Na farko. Malaman da ka turo su ƙirga mu sun zo ne tsakiyar rani. Duk ɗan ƙasar nan ya san lokacin maza suna cin rani, sai hadari ya taso su komo gona. Malamanka suka tarar da tsofaffi da awaki, suka rubuta wai gari ya mutu, aka cire sunanmu daga masu samun rijiya. Ko kwana ba su yi ba, balle su tambaya.

Na biyu. Garin da kuka kashe a takarda yanzu ga shi yana mutuwa da gaske. Matanmu sun gaji da tafiyar rabin yini neman ruwa. Wanda ya je cin rani a da shi kaɗai yake tafiya, yanzu da iyalinsa da tukwanensa yake shiga mota. Wasu suna masaƙar Kaduna, wasu sun shiga soja, wasu ma ba mu san inda suka nufa ba.

Na uku. An ce hanyarmu ba za ta ɗauki motar simintin rijiya ba. Ikon Allah! Hanyar nan ce manyan motoci suke bi duk kaka su kwashe gyaɗa da auduga da ƙwarar kaɗanya da gumaguman maɗaci. Ban taɓa ganin wadda ta maƙale da kayanmu ba.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni sukuni. Ka sani a mazhabarmu Juma'a ba ta tsayuwa sai da maza goma sha biyu mazauna gari, ban da liman. Masallacin da mahaifina ya yi limanci ana shimfiɗa buzu har waje, yau daidai goma sha biyu ne a bayana, ɗayansu ma a kan jaki ake kawo shi. Kafin in hau mumbari sai na bi kawuna da ido, kamar mai dawo da tumaki daga kiwo.

Cikinsu akwai ɗana Sani. Matarsa ta yi ɓarin ciki a hanyar rafi da tulu a kai, ya zo ya durƙusa yana neman izinin tafiya. Na ce ya jira a yanke dawa. Ga kuma sabon umarninku, wai kada kowa ya bar gari sai da takardar dagaci. Dagaci ya ce in na so zai hana shi. Ban so ba. Ba zan cika sahu da ɗaurarre ba.

Roƙona biyu ne: a sake ƙirga mu da damina, a kuma haƙa mana rijiya kafin rani. In ba haka ba, da bakina zan sallami Sani, ranar Juma'a ta gaba in yi wa jama'a azahar raka'a huɗu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da ofishin nan lafiya, ya kuma sauƙaƙa maka ranar da za a tambaye ka game da mu a Lahira.

Wassalam.

Liman Haruna, Tungan Ɗanbaƙo.