Ɗana Yana Benci, Ɗan Ƙanwata Yana Fili

Anti Odessa,

Don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. In ban samu wanda ya faɗa mini gaskiya ba, ina jin zan ɓata zumuncin da ba zai gyaru ba. Na sake sunayen mutanen da zan ambata, ko da yake na san wahalar banza nake yi, domin duk wanda ke zaune a garin nan yana karanta layi uku zai gane gidanmu.

Ɗana Lamont shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'armu kaka biyu a jere. Ke ma 'yar kudancin jihar Jojiya ce, ba sai na faɗa miki matsayin mai jefa ƙwallo ba: shi ne jagora, ƙwallo ba ta isa hannun kowa sai ta bi ta nasa. Lokacin da ya karɓi ƙungiyar nan ko rabin wasanninta ba ta ci. Ƙarti su taru su maka shi da ƙasa, ya tashi ya ciro ciyawa daga hular kwanonsa ya koma layi. Ni da mijina Clifton mun sha zama cikin ruwan sama, kujeru wayam, daga mu sai 'yan badujala da iyayen sauran yara. Wasu suna ficewa tun hutun rabin lokaci, suna zagin ɗana a kunnena, ba su san ni ce uwarsa ba.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe, kuma bana ce ƙungiyar ta haɗu. A watan Satumba aka danne shi, kafaɗarsa ta goce. Likita ya ce sai ya huta wata guda. Aka sa mataimakinsa. Mataimakin nan kuwa, Anti, Tavion ne, ɗan ƙanwata Renita, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ki fahimce ni, yaron nan rabin girmansa a gidana ya yi. Ubansa ya tafi tun yana rarrafe, Renita tana fama da aiki biyu, ni ke ɗauko shi daga makaranta. Tukunya ɗaya suka ci da Lamont. Lamont ne ya koya masa riƙe ƙwallo, da tsohuwar tayar da Clifton ya rataye a bishiyar bayan gida, suna jefawa ta cikin ramin har hannu ya gaji. Da manyan makarantu suka fara zawarcin Tavion, Lamont ne ya lallashe shi ya zo nan, ya ce zai kula da shi. To ga shi ya kula da shi.

Tun da Tavion ya shiga, wasa ɗaya kawai suka faɗi. Lamont ya warke sarai, koci ya kira shi ofis ya ce ba zai sauya hannun da ke kawo nasara ba. Yanzu ɗana a bakin layi yake tsayawa, hula a kai, abin magana a kunne, yana yi wa ɗan ƙanwata alama da hannu irin dabarar da za a bi. Asabar ɗin nan kuma za su kara da makarantar ƙetaren kogi, abokan gabarmu tun zamanin kakanni. In suka ci, sun shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na neman kofin ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa makarantar. In suka faɗi, kaka ta ƙare.

Garin nan ya haukace, ni kuwa ina ƙonewa. A kantin magani nake aiki, kowa sai ya bi ta gabana. Wata tsohuwa da ta shekara da shekaru tana karɓar maganin hawan jini a hannuna ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, ashe ke ce yayar uwar Tavion!" Yayar uwar Tavion. Sunana ke nan yanzu. Mai gashin haƙarƙari na bakin titi ya manna hoton Tavion a ƙofa. Ranar Lahadi fasto ya tsayar da wa'azi ya ce a yi wa hannun daman Tavion addu'a, coci ya ɗauki amin, Lamont yana zaune kusa da ni yana amsawa da ƙarfi fiye da kowa.

Renita kuwa kullum sai kyamarar talabijin ta nemo ta, da ƙatuwar hularta mai kyalkyali, a rubuta sunanta a ƙasa. Renita da ba ta taɓa zama cikin ruwan sama don ƙwallo ba! Har yau ba ta san dokar wasan ba, takan tashi tana ihun murna lokacin da alƙali ya hukunta mu, sai Clifton ya jawo ta ya zaunar. Na san ba laifinta ba ne. Na sani. Amma tun muna yara haka take, ni in yi shara ita a yaba mata tsabta.

Wanda ya fi ci mini rai na Mama ne, mahaifiyarmu. Ta sa an buga wa dangi riguna, kowace da lamba bakwai, lambar Tavion. Na ce, "Mama, lamba goma sha huɗu ta Lamont fa?" Ta ce, "Ke, kada ki fara. Duk jikokina ne, amma ɗaya ne ke wasa, lambar wa kike so in sa?" A gaban mutane ta faɗa. Na yi dariya tare da kowa, na shiga mota na kifa kaina a sitiyari.

Ga abin da ya sa na rubuto. Asabar da ta wuce, ana cikin kashi na uku na wasan, wani ƙato ya zagayo ta bayan Tavion ya ɗauke shi ya dasa da ƙasa. Yaron bai motsa ba. Filin ya yi tsit, 'yan wasa suka durƙusa da gwiwa ɗaya. Ni kuwa idona ya tafi bakin layi, na ga Lamont ya cire abin kunne, ya ɗauki hular kwanonsa yana ɗaure maɗauri. Anti Odessa, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Zuciyata ta yi fari kamar an zuba mata ruwan sanyi. Sai na ji an riƙe mini hannu. Renita ce, ta juyo don in riƙe ta, ta kalli fuskata. Ta sake ni a hankali ta ce, "Yaya, murmushi kike yi?"

Numfashi ne kawai ya ɗauke wa Tavion. Ya tashi da ƙafarsa, Lamont ya shiga ya yi bugu biyu kacal, ko jefawa ba a bar shi ya yi ba, Tavion ya dawo suka ci. Renita ba ta sake kallona ba. Na kira ta ba ta ɗauka. Ban san ko ta gaya wa Mama ba.

Na gaya wa Clifton ya ce, "Ke dai ranar Alhamis ki ci talo-talonki ki yi shiru, zai wuce." Na kira Lamont, da niyyar in ji lafiyarsa, sai na tsinci kaina ina zagin koci. Ya bar ni na gama ya ce, "Mama, don Allah ki bar ni in ƙarasa kakar nan da mutuncina. Ƙanena ne. Kada ki sa in riƙa waiwayen inda kike zaune ina tsoron abin da zan gani."

Alhamis Ranar Godiya ce, bikin shekara da ake taruwa a ci talo-talo, dangi duka a gidan Mama, ni ce mai kawo ganye da burodin masara kamar kullum. Asabar kuma, kafin a take wasa, za a kira 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, iyayensu su rako su tsakiyar fili a ba iyayen fure. Tunanina shi ne in ce ba ni da lafiya ranar Alhamis, ranar Asabar in raka ɗana, in karɓi furena, in wuce gida. Ba zan iya zama cikin rigunan nan ina tafi ba. Kuma abin da nake jin kunyar rubutawa: wani lokaci ina wanke-wanke sai in kama kaina ina fatan su faɗi, ko garin nan zai tuna akwai wani yaro kafin wannan. Ina son Tavion, Allah shaida. To me ya same ni? Ni muguwa ce? Yaya zan yi da ƙanwata?

Taki,
Uwar Lamba Goma Sha Huɗu

AMSA

'Yar'uwa,

Na tsallake wasiƙu da yawa na sa taki a gaba, domin lokaci ya ƙure miki. Don haka ba zan yi kewaye-kewaye ba.

Ke ba muguwa ba ce. Ciwonki na gaske ne kuma yana da dalili. Ɗanki ya sha duka shekarun da babu mai kallo, da lokacin tafi ya zo aka miƙa wa wani. Koci ya yi abin da kowane koci zai yi, ba zan ga laifinsa ba, amma hakan bai rage zafin ba. Mama kuma ta yi kuskure, ba ƙarami ba. Kaka ba 'yar kallo ba ce da za ta zaɓi ɗan wasa.

Amma ki zauna a kujerar Renita na minti ɗaya. Ɗanta ɗaya tilo yana kwance ba ya motsi, ta juya wajen mutumin da ta saba jingina da shi tun tana goye da yaron, ta tarar da murmushi. Ni na yarda ba faɗuwar Tavion kike wa murmushi ba, tashin Lamont kike wa. Ita ba ta da hanyar sanin haka, kuma ko ta sani, a lokacin nan ke take buƙata, ke kuma kina wani waje. Hakkinta ne ki ba ta haƙuri.

Ki je gidanta ranar Laraba, da ƙafarki, ba ta waya ba. Kada ki bari sai Alhamis, inda dangi za su zama 'yan kallo kowa ya ɗauki ɓangare. Ki faɗa mata abin da kika faɗa mini: cewa kin ga ɗanki zai shiga fili zuciyarki ta riga hankalinki, cewa kina jin kunya, cewa kishi ya daɗe yana cinki. Ki kira shi da sunansa, kishi. Kada kalmar "amma" ta fito daga bakinki. Maganar hula da talabijin da wanda ya zauna cikin ruwan sama, duk ki bar su a mota. Mai yiwuwa ba za ta huce nan take ba. Ki ba ta lokaci, amma ki je Alhamis ɗin, da tukunyarki a hannu. Ciwon ƙarya ba wanda zai yarda da shi, kuma zai tabbatar mata da abin da take zargi.

Shawarar Clifton ta yin shiru ba ta yi ba. Shirun nan ne ya kai ki inda kike. In yana son taimako, ya je wajen Mama, shi da kansa, ya ce mata ranar Asabar ranar Lamont ce ta ƙarshe a filin gida kuma yana so ya ga lambarsa a jikin kakarsa. Tsofaffi sukan ji daga suruki abin da ba za su ji daga 'ya ba. Zan yi mamaki in Renita ba ta goyi bayan haka ba, in kin riga kin gyara tsakaninku.

Sai Lamont. Kada ki ɗauka ƙarfin amin ɗinsa a coci yana nufin ba ya jin ciwo. Yana ji, wataƙila fiye da ke. Ya dai zaɓi yadda zai ɗauki nauyinsa, kuma ya zaɓi hanya mai wuya mai kyau. Duk lokacin da kika kira shi kina zagin koci, kin ƙara masa kaya ne, domin sai ya bar nasa ciwon ya lallashi naki. Ya roƙe ki abu ɗaya a fili. Ki kira shi ki ce kin ji, ki tambaye shi yadda yake, sannan ki yi shiru ki saurara. Ki kuma lura da abin da kishi ya rufe miki: yaron da ke jefa ƙwallon nan, ɗanki ne ya koya masa, kuma har yanzu kafin kowane bugu bakin layi yake kalla, inda ɗanki ke masa alama. Garin bai gani ba. Ke bai kamata ki kasa gani ba.

Ranar Asabar ki raka shi tsakiyar fili, sannan ki hau ki zauna cikin danginki har a tashi. Ki sa lambarsa, ba wanda ya isa ya hana ki. In kika tafi gida, labarin ranar zai koma labarin kujerarki da babu kowa, kuma Lamont ne zai riƙa amsa tambayoyi a kanki. Ba na ce ki yi tsallen da bai kai zuci ba. In Tavion ya jefa mai kyau wani abu ya tsunkule ki a ƙirji, ki bar shi ya tsunkula ya wuce; jin abu daban, aikata shi daban. Kuma in suka faɗi, ki shirya, domin ba za ki ji daɗin da kike zato ba. Yara biyu za su fito daga ɗakin sauya kaya idanunsu jajur, kuma dukansu a gidanki suka girma.

Kakar ƙwallo makonni suka rage mata, ko an ci ko an faɗi. Ƙanwa kuwa ɗaya gare ki. Ki tafi wajenta.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya fito da yaran nan biyu daga fili lafiya.

Anti Odessa