Baban Clara a Cikin Talabijin

Litinin, 3 ga Maris, 2025
Ni Doguwa ke faɗa, 'yata Clara ke rubutawa, don ni ban yi boko ba. Wai in riƙa fitar da abin da ke raina ko na samu sauƙi. To rubuta. So take in bar ɗakin nan na Samaru in koma wurinta a Hanwa. Ba inda za ni. Ko ƙofar gida ban taka ba tun Kirsimeti.

Laraba, 5 ga Maris
Bari in faɗi dalili. Da can ɗaliban jami'a sun yi wani wasan talabijin, wai mutane a jirgi suna yawo cikin taurari. Mijina Barau yana yankan ciyawa a makarantar, suka ga tsawonsa, suka sa masa riga mai ƙyalli da hula kamar tukunya. Can ƙarshen wasan sai mutanen jirgin suka gane ashe a cikin talabijin suke, ba hanyar fita. Shi ne ya matso har jikin gilashi ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Mai kallo, kar a kashe. In an kashe mun tafi."

Lokacin dariya na yi har da hawaye. Na ce, "Baban Clara, kai da ko motar Kano sai ka yi amai?"

Bara muka binne shi. Da Kirsimeti jikana Eric ya samo wasan a waya ya sa mini a akwatin talabijin, in ya ƙare ya sake farawa da kansa. In an ɗauke wuta sai na yi ta kira har a tayar da janareta.

Lahadi, 9 ga Maris
An buga ƙararrawar coci. Har na ɗaura ɗankwali, na miƙa hannu zan kashe talabijin, daidai Barau ya ƙwanƙwasa. Clara ta ce, "Mama, to bar shi a kunne mu tafi." Ya yi ta roƙo, ɗaki ba kowa? Na kwance ɗankwalina.

Alhamis, 13 ga Maris
Wasu ɗalibai mata sun zo. Wai har yau malamansu na nuna musu wasan, ana ta gardama a kan wurin ƙwanƙwasawar. Sun sha dariyar hular. Ɗaya ta ce, "Kaka, shi mijinki a gida ya yake?" Na buɗe baki, ba abin da ya zo mini sai rigar nan mai ƙyalli. Mutumin da muka tsufa tare! Na ce su sha ruwa.

Asabar, 15 ga Maris
Zafi. Ni da shi, kowa a akwatinsa.

Juma'a, 21 ga Maris
Da rana aka ɗauke wuta. Clara ta miƙe, "Mama, in tayar da janareta?" Na ce ƙararsa na sa ni ciwon kai, bari tukuna. Ɗaki ya yi zafi, na ja kujera zuwa gindin mangwaro. Ina zaune sai na tuna yadda yake cin mangwaro, ya ɓata gemu duka, ya ce wai ni na zaɓo masa mai ruwa. Ba na kira ki ba ne, Clara, dariya nake.

Kar ki rubuta cewa zan je Hanwa. Tambaya kawai na yi, ko ɗakin can na da taga. Ajiye biron, na gaji.