Keken Goggon Saƙa

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? In har yanzu tana ƙin shan magani, ki ce mata Auta za ta zo da kanta ta ɗura mata.

Ni lafiya lau nake, sai dai aiki ya sha kaina. Saura kwana goma a yi taron gidauniyar cibiyarmu ta naƙasassu, wanda da shi muke ci shekara guda, mu manya arba'in da muke sana'a muke kwana a nan. Ko'ina warin fenti. Makafin ɗakin sabulu suna haddar waƙar maraba, kurame suna manna takardu masu launi a bango, ni kuma ɗinki ya hana ni sakat, don Madam, shugabarmu, ta ce kowa sai ya sa riga iri ɗaya. Ta kuma ja min kunne kada rigar ta yi kyau da yawa, wai kar baƙi su ɗauka mun ƙoshi. Ni ce kuma zan riƙe makirfo, tunda ni ce wakiliyar mazauna, kuma kin san bakina.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Kowace shekara ana rubutawa a katin gayyata cewa za a raba kekunan guragu biyar, amma sababbin ba sa cika biyar. Sai a karɓi keken ɗayanmu kwana goma kafin taro, a kai wa mai fenti, a naɗe shi da leda, a ɗaura masa kintinkiri. Ranar taro a ɗauko mai shi a ajiye a tabarma a gaban jama'a, babban baƙo ya miƙa masa kekensa, a yi tafi, a ɗauki hoto. Madam ta ce ba ƙarya ba ce, tunda mai keke ya samu fenti kyauta. Bi da bi muke yi, kuma wakiliya ce ke miƙa suna.

Bana layi ya zo kaina, Yaya. Na kalli riguna arba'in, na kalli tsakuwar da ke tsakanin ɗakinmu da banɗaki, sai na rubuta sunan Goggon Saƙa. Kin tuna ta, dattijuwar da gadonta ke kusa da nawa, wadda ta saƙa wa jaririnki hula. Ba a taɓa sa ta a layin ba, don kekenta ba na cibiya ba ne, da guminta ta saya, shekara shida tana saƙa rigunan sanyi. Kullum sai ta goge shi kafin ta wanke fuskarta. Da Madam ta ga sunan har da murmushi, ta ce wannan ai fenti kaɗan zai ci.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai haushi a ciki. Ranar nan a gaban direban motarmu Goggon ta ce wai kwallin da nake rambaɗawa duk ranar kai kaya kasuwa ba don ciwon ido ba ne. Kowa ya yi dariya, har da shi. Na ce a raina, za ki sani.

Na same ta da fuskar tausayi na ce Madam ce ta zaɓa, ni kuwa na yi faɗa da Madam saboda ita har muryata ta dushe. Ta shafa hannun keken, sannan ta ce ba komai 'yar nan, a dai gaya wa mai fenti kada ya ɓata matashin zaman. Kwana goma ne kawai, ai ba mutuwa za ta yi ba.

Ki gaida Inna da kyau, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Na samu wasiƙarki da duk faɗan da ke ciki. Ke mai ƙafa biyu, faɗa bai yi miki wuya ba. Amma ki ajiye shi tukuna, don abin da zan gaya miki ya fi wancan.

Kwana goman nan sun yi tsawo. Goggo mai jiki ce. Sai ta sa silifas a hannu, ta ɗaure gwiwoyinta da tsumma, ta ja jiki a kan tsakuwa zuwa banɗaki. A rana ta uku na lura ta rage shan ruwa don kada ta riƙa zuwa. Ina wuce ta a kekena sai ta ɗago ta ce in yi a hankali da ramin bakin ƙofa. Na so in ara mata nawa, amma na auna da ido na ga ya yi mata kaɗan. Haka dai na gaya wa kaina.

Ranar taro an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, manyan motoci sun cika layinmu. Babban baƙo wani mai gidajen mai ne, ya makara da awa biyu, mutum biyar ɗin kuwa suna tabarma a rana, don mai hoto ya ce a inuwa fuska ba ta fitowa. Goggo ta yi kwalliya da sabon ɗankwali. Kekenta ne na ƙarshe a jere, ya koma shuɗi yana ƙyalli a cikin leda, ina ganinta tana satar kallonsa tana murmushi.

An miƙa huɗu lafiya. Da aka zo kan na biyar, sai baƙon ya karɓe makirfo daga hannuna. Ya ce shi a bakin ƙofa ya ga wani bawan Allah yana jan gindi a cikin waɗanda maigadi ya hana shiga, kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya ba masu ɗaki da abinci ya bar na waje ba. Ya sa aka shigo da mutumin. Wallahi Yaya shi ma abin tausayi ne, ƙafafu kamar tsinke, hannaye duk kanta. Baƙon ya yage ledar da kansa, ya ɗaga mutumin ya ɗora a kan keken Goggo. Mutumin ya fashe da kuka, matan manya suka ciro hankici, aka shiga rige-rigen yin alkawari.

Sai aka dawo min da makirfo. Goggo ba Madam ta kalla ba, ni ta kalla. Kalma ɗaya ake nema, kuma tana bakina. Madam ta leƙo ni ta saman tabarau. Na tuna gadona, na tuna ɗinkina, na tuna ƙuryar ɗakin Inna da na shekara ashirin a ciki ina ƙirga azara. Sai na ji muryata tangaran tana cewa Allah ya saka wa mai girma, jama'a a yi masa tafi.

Goggo ma ta tafa, da hannayen nan da suka yi bororo. Mutumin ya tura kansa ya fice ta ƙofa, har da matashin zaman. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma ban san wanda ya fi yawa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Da fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ki yi haƙuri da shiruna na wata biyu.

Na je wurin Madam washegarin taro. Ta ce in ba so nake a kulle cibiya ba, in kama bakina, don ba wanda zai je ya ce wa mai gidajen mai kayan wata ya yi kyauta da shi. Ta ce Goggo ta jira kaya na gaba. An tara abin da ba a taɓa tarawa ba, an gyara rufin ofis, an sayi sababbin labule. An kuma buga hoton ranar ƙato, an rataye a zaure. Ga baƙo, ga mutumin yana kuka, ga Goggo can a gefe a tabarma tana tafi. Duk mai shigowa sai ya tsaya ya ce kai, dubi farin cikin tsohuwar nan.

Gwiwoyinta sun zama gyambo, sun ƙi warkewa. Ta daina zuwa ɗakin saƙa, kuma dokarmu ita ce wanda ya yi wata guda bai je aiki ba ya ba da gado. Madam ta yi mata alfarmar mako biyu, ta kuma tabbatar kowa ya ji cewa alfarma ce.

Jiya ƙaninta ya zo da motar a-kori-kura. Maza biyu suka ɗauke ta kamar buhu suka ajiye a baya tare da kayanta. Ta sa aka kira ni. Ta ciro famfon ba taya iska da ɗan gwangwanin mai ta miƙo min, ta ce ita yanzu ba ta da abin yi da su, ni kuwa tayata ta hagu tana yawan sacewa. Sannan ta ce wa ƙanin nata ga yarinyar da ta tsaya mata, ta yi faɗa saboda ita har muryarta ta dushe. Dattijon ya cire hula ya yi min godiya. Na amsa, Yaya. Na ce ba komai, yi wa kai ne.

Gidan ƙanin nata bai da nisa da naku, bayan injin niƙa ne. Don Allah ki riƙa leƙa ta. Amma na haɗa ki da Allah kada ki gaya mata. Ni kaɗai take yi wa addu'a a duk cibiyar nan.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan duk kuna lafiya. Na ji saƙonki cewa Goggo ba ta fita ko tsakar gida yanzu, kuma kullum sai ta tambaye ki yaushe kayan za su iso. Ki ce mata suna hanya. Maganar da kika yi kuma cewa in aika mata kekena, ban ji daɗinta ba. In na ba ta, ke za ki riƙa goya ni zuwa banɗaki?

Shekara ta zagayo, warin fenti ya dawo. Bana ma sababbin huɗu ne. Shekaranjiya Madam ta miƙo min farar takarda, ta ce ta san ni ba na ba ta matsala. Na riƙe biro har ya yi gumi a hannuna, don kin san har yanzu layin nawa ne.

Akwai wata sabuwa da aka ba gadon Goggo, mai yin jakunkuna. Ba ruwanta da kowa, Anti take ce min, ita ke ɗebo min ruwan wanka a kan cinyarta. Ba ta taɓa yi min komai ba. Mijinta ne ya saya mata kekenta kafin ya rasu, kuma tana kula da shi sosai.

Na miƙa takardar da safe. Yanzu zan je in gaya mata irin faɗan da na yi.

Ki gaida Inna da yara.

Ƙanwarki,
Auta