Kuskuren da Na Gyara

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama da Yaya da iyalinsa. Ya hannun dama? Mama ta ce ka daina matsa ƙwallon robar da likita ya ba ka, wai kai ba jariri ba ne. Don Allah ka ci gaba, ko don ni.

Ka tambayi yadda gasar farko ta sabon wasanmu na kwamfuta, Ganuwa ta Biyu, ta kasance. Ba zan ɓoye maka ba. Mun kama babban zaure mai kujera dubu biyu, ko rabi bai cika ba. A ƙaramin ɗakin baya kuwa, inda muka bar tsofaffin 'yan wasa su buga Ganuwa ta farko, har a bakin taga mutane suka tsaya. Ina jiyo ihunsu ta bango, namu 'yan kallon kuma suna ta danna waya. Shugaban sashenmu ya ce saura gasa ɗaya, nan da wata uku. In mutane ba su zo ba, kamfani zai janye hannunsa daga gasar sabon wasan baki ɗaya.

Baba, da laifina a ciki, kuma shekara biyu ke nan ina ɓoye maka. A wasan farko, in aka gina rumbu biyu kusa da juna, dakaru ba sa iya bi ta tsakaninsu. Waɗanda suka rubuta wasan ba su nufi haka ba, kuskure ne. Kai ka fara jera rumbuna a bakin gada a wata gasa, ka tare rundunar da ta ninka taka uku, har aka laƙaba maka Mai Rumbu. Ina 'yar shekara bakwai, a wuyan Yaya, ranar da zaure ya ɗauka da "Rumbu! Rumbu!"

Ka san aikina a nan farautar kurakurai ne kafin wasa ya fita. A watana na farko na ci karo da naka a cikin sabon wasan. Na cike takardar rahoto, aka gyara cikin kwana biyu, har aka yaba mini. Haka muka bi duk ire-irensa muka share. Yanzu wasan tsaf yake, kowa ya san yadda za a ƙare tun daga minti na biyar.

Ka yafe mini. A gaida Mama.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Wasiƙarka ta iso da rubutun Mama. Ashe ka sani! Tun bidiyon talla na farko ka ga soja ya ratsa tsakanin rumbuna, ka gane hannuna ne, don tun ina ƙarama ba na iya ganin tabarma a karkace in wuce. Mama ta ƙara a gefen takarda cewa ka yi dariya har ka ƙware. Ni kuwa kuka na yi a teburina, abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi.

Shekara biyu ka bar ni ina kauce wa idonka a duk zuwana gida. Wannan kam sai mun zauna.

Ka ce in turo maka wasan. Ga kwamfutata ta tafi-da-gidanka nan, Yaya zai kawo. Na mayar da duk maɓallan ɓangaren hagu, na kuma rage gudun wasan. Kada ka ji kunyar wannan, ba mai gani. In hannun ya gaji ka huta.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wasiƙata ta same ku lafiya. Na ga bidiyon da Yaya ya turo, sau shida na kalla. Kana zaune a kujerarka ta bakin taga, tabarau a ƙarshen hanci, kana danna maɓalli da yatsa ɗaya, Mama na faɗa a baya shayi ya huce. Na ga ka jera kwalekwalen masunta tun daga wannan gaɓar kogi har waccan. Na ɗauka ka manta yadda ake kamun kifi ne. Sai ga dakarunka suna takawa ta kansu, sun ƙetare, sun faɗo wa abokin gaba ta bayan ganuwa.

Mu goma sha biyu muka shekara biyu muna gwada wasan nan, ba wanda ya gani. Mu sauri muke yi. Ba mai haƙurin jera kwalekwale tara ɗaya bayan ɗaya sai wanda hannunsa ya hana shi gaggawa.

Wallahi, Baba, kafin in ankara har na buɗe takardar rahoto na rubuta layi biyu. Sai na tashi na je na wanke fuska.

Na kai bidiyon taron sashe. Babban mai rubuta wasan ya riƙe kai, ya ce wannan abin kunya ne, soja a kan kwalekwale kamar akuya a kan katanga. Na ce masa ai rumbu ma abin kunya ne, ga shi har yau shi ke cika ɗakin baya. Shugabanmu ya tambayi wane ne dattijon. Da na faɗa, sai ya cire tabarau, ya ce yana cikin zauren ranar da aka yi maka ihun "Rumbu! Rumbu!" An yarda a bar kuskuren zuwa bayan gasa.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka. Na san kun kalla a gida, amma bari ka ji daga bakin wadda ke wurin.

Zauren bai cika ba, kujerun baya duk babu kowa. A wasan kusa da na ƙarshe, wata 'yar wasa da aka kusa cinyewa ta fara jera kwalekwale, don bidiyonka ya bazu. Abokin karawarta ya gano, ya nutsar da na tsakiya da dakarunta a kai. Ta sake jerawa can ƙasan kogi, ta ƙetare. Mutane suka miƙe tsaye. Na juya, sai na ga 'yan ɗakin baya sun baro nasu wasan sun cika bakin ƙofa.

Ko wasa na biyu zai kamo na farko, ban sani ba. Amma an ba mu gasar baɗi, kwalekwale kuma ya zauna a wasan.

Mama ta ce ƙwallon robar na hannunka na dama tun farkon wasan, kana ta matsawa ba ka sani ba. Ba zan ce komai ba.

Roƙona ɗaya: in ka sake gano wani kuskuren, faɗa wa Yaya, faɗa wa duniya, amma ni kada ka faɗa mini. Ka san halina.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta