Awo Da Sifana Mai Lamba Sha Uku

Zuwa ga aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da gwiwar nan taka mai ƙara kamar ƙofar gareji. Mu ma lafiya lau, in ban da abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubutu tun ranar da malamin aji huɗu ya ce in je in nemi sana'a. Ba zan iya faɗa maka a waya ba. Wayata a hannun yara take yini, rumfar facina kuma ka san bakin titi take, ko tari na yi sai mai shayi ya ce sannu. In ka karanta ka ƙone.

Dogo, shekara uku ke nan gabana bai tashi ba. To ga shi na faɗa. Ciwon sugan nan bai tsaya a hana ni zaƙi ba, sai da ya bi ta ƙasa ya kashe wuta. Ni da nake hura wa gari tayoyi daga safe har yamma, tawa ta sace. Na sha ƙwayoyin asibiti har na gaji, ba abin da suke tayarwa sai ciwon kai. Mai ɗakina ban gaya mata komai ba. Na ɗauki filona na koma falo, na ce ɗaki ya yi zafi. Da sanyi ya shigo na ce bayana ya fi son doguwar kujera.

Makon jiya likitan suga ya tura ni wurin likitan mafitsara, wani matashi da bai fi sa'an babban ɗana ba. Ya ji bayanina, ya ja durowa, ya baje kaya a tebur kamar mai sayar da kayan babur. Wai roba ce da ake yanka mutum a dasa masa a cikin gaba, kuma iri biyu ce. Ta farko sanduna biyu ne masu lanƙwasuwa, kullum a sandare, in ka gama ka lanƙwashe kamar wayar rataye kaya. Ta biyu tiyub biyu ne, da ɗan tanki a mara, da famfo da ake ɓoyewa cikin maraina. Ya matsa famfon, abin ya miƙe a kan tebur yana kallona. Ya ce in taɓa. Na taɓa, Dogo, santsi da danƙo, Allah kaɗai ya san hannun tsofaffi nawa suka riga ni. Sau uku na wanke hannu da na fito.

Na ce, likita, shekara talatin ina faci, ban taɓa ganin abin hurawa da ba ya sacewa ba, ina bawul ɗinsa? Ya ce ba iska ba ce, ruwa ne, kuma yakan yi shekaru masu yawa, amma in ya lalace sai an sake buɗe ni. Na ce to mai sandar fa, ni da nake yini a tsugune gaban matan mutane ina kwance musu taya? Ya ce sai in riƙa sa wando mai faɗi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Daga nan ya ce in hau gado in sauke wando. Ya sa safar hannu, ya kama, ya ja kamar mai gwada igiyar rijiya, ya ɗora wani tef na takarda. Wai santimita sha ɗaya. Ya rubuta, ya ce in sa hannu, don abin da zan samu bayan aiki ke nan, roba ba ta ƙara tsawo, tsayuwa kawai take bayarwa.

Na ce tef ɗinsa maƙaryaci ne. Kai shaida ne, Dogo. Ana saura mako guda aurena na shiga bayan gareji na gwada da sifana mai lamba sha uku, kai da kai suka zo, na fito na ba ka labari har ka ƙware da ruwa. Na gaya wa likita zan kawo masa hujja.

Ka gaishe da iyali, amma kada ka ce daga wa.

Naka,
Mai Faci.

*

Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta yara, wasiƙarka ta iso. Rabin shafi ka cika da dariya, Allah ya saka. Da ka ce a wancan zamanin ma ba ka yarda ba, ka dai yi shiru ne don kada ka ɓata wa ango rai, na gode, na san irin aminin da nake da shi.

Na koma asibiti da sifanar a naɗe cikin jarida. Na zauna a layi tsakanin wani tsoho mai riƙe da jakar fitsari a cinya da wani mai nishi kamar tsohuwar tirela a hawa. Warin wurin har yanzu yana cikin hancina. Da aka kira ni na warware jarida na ɗora ƙarfen a tebur. Likita ya dube shi, ya dube ni, ya ce, Baba, mota ce ta lalace? Na ce awona ne na asali. Bai yi dariya ba, wannan kam na yaba masa. Ya ɗauko tef ya auna tsawon sifana, santimita sha bakwai. Tsakaninmu yatsa uku cur.

Na ce to ina sauran? Ya ce ciwo ya ci kaɗan, don abin da ya daɗe bai miƙe ba yakan tsuke. Tumbi ya haɗiye kaɗan. Sauran kuma, wai, sai in tambayi ƙwaƙwalwata, don maza da yawa da ke zama a kujerar nan sun fi tsawo a tunani. Ya ƙara da cewa duk shekarar da na ɓata ina jira, abin da ya rage ma raguwa zai yi. Kuma yana so in zo da matata, don ba ni kaɗai zan zauna da abin ba.

Na naɗe sifanata na fito ban sa hannu ba. A yanka ni, a cusa mini roba, sannan a miƙo mini guntu? Ko taya aka kawo mini mai lamba sha shida ba na mayar wa mutum da sha huɗu.

Abin da na yi bayan nan ko kare ba zai yi ba. Ka san masu maganin nan na bakin tasha da lasifika a kan mota, masu zagin mazan gari tun daga nesa? Na ja hula na rufe goshi na je. Mutumin ya dube ni ya ce wata guda zan ƙara taƙi, har sai na roƙe shi a rage. Ya ba ni wani baƙin ruwa a tsohuwar robar lemo da bakinta duk shatin haƙoran wani. Wari kamar an ƙona taya an kashe da ruwan kwata. Na toshe hanci na sha kwana huɗu. Abin da ya ƙaru kawai tafiyata zuwa bayan gida. Ashe kuma da zuma ya dama shi, ga ni da suga. A rana ta biyar da hantsi ina tsaka da hura tayar wata motar haya sai na ga titi ya tashi tsaye. Na farfaɗo a gida, wando ya ɓaci, maƙwabta sun cika ƙofa.

Mai ɗakina ce ta cire wandon don ta wanke. A aljihunsa takardar likita take, da hoton robar, da zanen inda ake sa ta, da sha ɗayan nan an zagaye da jan biro. Kwana biyu ke nan ba ta ce uffan ba. Tana kawo abinci, tana ba ni magani, tana fita. Wallahi na fi son ta zage ni.

Ka sa ni a addu'a, ka rage dariya.

Mai Faci.

*

Aminina Dogo,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni jiki ya dawo, kunya ce ba ta tafi ba.

Ranar Talata da safe, yara sun watse, ta zo ta zauna a bakin kujerata ta ajiye takardar a tsakaninmu. Ta ce, Baban yara, tun yaushe? Na fara 'yan barkwancina, na ce injin ne ya ɗan huta. Ta ce ba wasa ta zo yi ba. Na ce shekara uku. Sai ta buɗe baki ta nuna mini gefen hagu, inda babu haƙori ɗaya. Ni na san ta cire shi bara waccan, na ɗauka ciwo yake mata. Ashe lafiyarsa ƙalau. Da ta ga ina juya mata ƙeya, daga baya na bar ɗakin gaba ɗaya, sai ta ɗauka bakinta ke wari. Ta yi ta goge baki har dasashi na jini. Ta canza sabulu, ta canza turare. Haƙorin yana da ɗan baƙi a jiki, ta ce ko shi ne, ta je ta matsa wa mai cire haƙori sai da ya cire. Da hakan bai dawo da ni ba, ta ce to tsufa ne, ta haƙura.

Dogo, na sha ruwan kwatan mutumin tasha, na kwanta cikin ƙazantata a gaban maƙwabta, amma ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta safiyar nan ba. Matar da ta haifa mini biyar tana can tana shinshina tafin hannunta, ni ina nan ina jimamin yatsa uku.

Ita ta sa mayafi ta ce mu tafi. A gaban likita na so in ɗan farfaɗo da mutuncina, na sake tayar da zancen sifana. Ta juyo ta ce wace sifana? Likita ya gwada mata tsawon da hannu. Ta ce, likita, ni dai shekara ashirin da takwas ina gidan nan, wannan baƙon ban taɓa haɗuwa da shi ba. Likita ya sunkuya yana neman wani abu a durowa, kafaɗunsa na rawa. Na karɓi biro na sa hannu a kan sha ɗaya.

Mai famfon muka zaɓa. Ta ce ba za ta yarda in riƙa yawo a titi kamar na sako madubin babur a wando ba, kuma in akwai wanda ya iya famfo a duniya ai ni ne. Likita ya ce sai suga ya sauka sosai kafin ya taɓa ni, don kada wurin ya ruɓe. Yanzu ita ke riƙe da cokalina.

Yara mun ce musu gwaiwa ce za a yi mini aiki. Babbar 'yata har ta yi kuka, ta ce dama ta ga tafiyata ta canza.

Naka har kullum,
Mai Faci.

*

Dogo,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da dogon shiru, wata biyu ban iya zama daidai ba balle rubutu.

An yi aiki. Kada wanda ya ce maka abin wasa ne. Na farka da robar fitsari, wurin ya kumbura ya yi baƙi kamar tayar da ta kwana a wuta, an naɗe shi da bandeji an ɗaga sama. Mako biyu ina tafiya kamar mai ɗauke da batir tsakanin cinyoyi. Ga 'yan dubiya. Surukina ya zauna awa guda yana ba ni labarin gwaiwar kawunsa, har ya ce in buɗe ya ga ɗinkin, ya san kan abin. Mai ɗakina ta ce likita ya hana iska ta taɓa.

Da mako shida ya cika muka koma a koya mini hurawa. Ka ga ni, mai kwampreso biyu na hura taya, a tsaye ba wando, wani sa'an ɗana yana nuna mini yadda ake matsa famfo. Matsa uku na karɓe, na ce masa yana sakin hannu da wuri. Ya ce duk cikin marasa lafiyarsa ba wanda ya koya da sauri kamata. Ita ce lambar yabo ta farko da na taɓa samu a hannun mai ilimi.

Ya tsaya, Dogo, tsayuwa sosai. Amma gajere ne. Ba ƙari, yadda aka ce. Na duba ƙasa sai na ji raina ya ɓaci, haka muka dawo gida. Da la'asar na shige ɗaki na zauna a bakin gado ina huci. Ta shigo da wankakkun kaya tana ninkewa, ta ce me kuma? Na ce an yanka ni kamar rago don ɗan wannan. Ta ce, to Baban yara, in bai yi maka ba ka mayar musu, ni dai mai shi nake nema, kuma ga shi yau a ɗakina da rana tsaka ba wanda ya kira shi.

Na ce ai ba a karɓar kayan da aka riga aka hura. Ta fashe da dariya, ta yi maza ta kai hannu ta rufe gefen bakinta, yadda ashe take yi tun bara waccan ban lura ba. Na kama hannun na sauke, na riƙe, na ce ta ƙarasa dariyarta.

Abin da ya biyo baya ba na wasiƙa ba ne, kuma ba ruwanka.

Ka gaishe da iyali, wannan karon ka ce daga ni ne.

Amininka,
Mai Faci.